Yadda Ake Jagorantar Kasuwancin Gida Ba Tare da Zumunci Ya Lalace Ba

Duk wanda aka damƙa wa shagon gidansu, a Kantin Kwari ne ko a Singa ko a Dawanau, amana biyu ya karɓa a lokaci guda: dukiyar da iyaye suka tara, da mutanen da ke ci a ƙarƙashinta, 'yan uwa da bare. Sau da yawa ana ciniki sosai amma kasuwancin ya durƙushe, saboda babu iyaka tsakanin aljihun gida da aljihun shago.

Saboda haka matakin farko shi ne raba kuɗin nan biyu. Ka buɗe asusun banki da sunan kasuwancin, ka tabbatar cewa duk cinikin da aka yi, na hannu da na POS, can yake shiga. Ka yanka wa kanka albashi kamar kowa, kuɗin cefane da na makarantar yara su fito daga cikinsa, kada su taɓa uwar kuɗi. Idan ƙanenka ya zo ya ɗauki turmi uku na atamfa domin lefe, a buɗe littafi a gabansa a rubuta, ko da ranar zai tafi yana ƙunƙuni. Wannan bai saɓa wa kara ba, domin ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Aliko Dangote ma da rance ya fara a 1977, daga cikin danginsa, kuma ya biya.

Mataki na biyu shi ne wanda mutanenmu suka fi kauce wa, domin ya shafi mutuwa. Ka yi wa kasuwancin rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a matsayin kamfani mai hannun jari tun maigida yana raye. Amfanin haka yana bayyana ranar rabon gado: maimakon a sayar da shago da sito a raba kuɗi kowa ya kama gabansa, sai a raba hannun jarin bisa ƙa'idar shari'a, matan marigayi da 'ya'yansa mata su samu kasonsu cikakke, kasuwanci kuma ya ci gaba da tafiya. Alhassan Dantata ya rasu a 1955, amma kamfaninsa ya zauna a hannun 'ya'yansa, har Aminu Dantata ya jagorance shi shekaru masu yawa.

Na uku, ka ba kowa aikin da zai iya. Kasancewar mutum babban wa ba ta sa ya iya lissafi, kuma ɗan gida da ya makara ya kamata ya ji maganar da bare zai ji.

Na huɗu ya shafi yaran shago da masu dako, kuma a nan ne nake ganin ake gane shugaban kirki. Yaron da ba ɗan gida ba yana lura da komai: wa ake kira idan an kawo abincin rana, wa ake yi wa tsawa a gaban mai sayayya. Ku ci a tire ɗaya idan hali ya yi. Idan ya yi kuskure, ka ja shi cikin sito ka yi masa faɗa ku biyu. Ka ƙarfafa musu su kafa adashi, ka ware wani abu duk wata domin jinya da haihuwa, kuma idan an yi wa ɗayansu rasuwa ka taka da ƙafarka ka je gaisuwa, kada ka aika. Mafi muhimmanci ita ce maganar sallama. Tun ranar da mahaifin yaron shago ya kawo shi, a zauna a ƙayyade shekarun da zai yi da irin jarin da za a sallame shi da shi, a rubuta a gaban shaidu. Zalunci ne a riƙe mutum har ya yi aure ya tara iyali yana jiran alkawarin da ba shi da rana. Wanda aka sallama da mutunci, aka riƙa ba shi kaya bashi yana sayarwa yana kawo kuɗi, shi ne gobe zai zama babban abokin cinikinka.

A ƙarshe, ka tsayar da rana ɗaya a shekara ta ƙidayar kaya, kuma ya fi sauƙi ta dace da lokacin fitar da zakka, tunda dole ne a ƙiyasta hajar a fitar da kashi 2.5 cikin 100 idan ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo. Bayan an gama, ka tara duk masu haƙƙi, har da matan da ke gidajen aurensu, a karanta musu riba da asara da bashin da ke waje, a ba kowa kwafin takardar ya tafi da ita.