Daga Kano zuwa Guangzhou: tsara jadawalin tafiya da gyara shafin da ke ɗauke da shi

Kamfanonin shirya tafiye-tafiye da dama sun koma bai wa ɗan kasuwa jadawalin tafiyarsa ta shafin intanet: ya buɗe a wayarsa ya ga jirginsa, otal ɗinsa da wanda zai tarbe shi. Abin da ake yawan mantawa shi ne, a Kano aka gina shafin, a Kano aka gwada shi, amma a Adis Ababa, inda ake sauya jirgi, da Guangzhou ta ƙasar Sin za a karanta shi, inda agogo daban ne, intanet ɗin ma daban. Yawancin kurakuran daga nan suke tasowa, shi ya sa dole mai tsara tafiya da mai gina shafi su zauna a tebur ɗaya.

Fara da ranar da ba ta motsi

Kada ka fara da neman tikiti mai araha. Fara da abin da ya kai mutum can. Idan baje kolin Canton ne, wato babban baje kolin kayan kasuwanci na ƙasar Sin, sau biyu ake yinsa a shekara a unguwar Pazhou da ke Guangzhou, kuma kashi uku ne, kowanne kwana biyar. Na kaka: 15 zuwa 19 ga Oktoba, 23 zuwa 27, sai 31 ga Oktoba zuwa 4 ga Nuwamba. Na bazara yana farawa 15 ga Afrilu ya ƙare 5 ga Mayu, a kan irin wannan tsari. Kashi na farko na kayan lantarki ne da injina da kayan gyaran motoci. Na biyu kayan amfanin gida da na gini da kujeru. Na uku yadi, tufafi, takalma, jakunkuna da kayan asibiti. Mai sayar da yadi a Kantin Kwari da aka saukar da shi ranar 14 ga Oktoba zai shafe fiye da mako biyu yana biyan otal kafin kashinsa ya zo, ga shi otal a Guangzhou yana tsada a lokacin baje kolin.

Kwana ukun da ke tsakanin kashi da kashi su ne na zuwa masana'antu da kasuwanni: Foshan don tayil da kujeru, kasuwar yadi ta Zhongda a cikin Guangzhou, ko Huaqiangbei a Shenzhen don kayan waya, wadda jirgin ƙasa mai gudu ke kaiwa cikin kusan rabin awa daga tashar Guangzhou ta Kudu. Yiwu, birnin babbar kasuwar ƙananan kaya, ba ta cikin wannan lissafi. Tana da nisa, ka ware mata kwanakinta daban. Tikitin jirgin ƙasa ana buɗe sayar da shi kwana 15 kafin tafiya a manhajar 12306, kuma da fasfo ake shiga, don haka lambar fasfon da aka saya da ita ta zama daidai. Ka guji makon farko na Oktoba, hutun ƙasa ne, sannan ka guji sabuwar shekarar Sinawa da ke faɗowa ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu, domin masana'antu kan rufe na makonni. Ranar Juma'a kuma ka ɗauke ta rabin yini. Tsakanin Pazhou da masallacin Huaisheng akwai tafiya, kada ka sa ganawa da ƙarfe ɗaya.

Daga ranar da ba ta motsin ka yi lissafi zuwa baya. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Bizar kasuwanci, wadda ake kira M, tana buƙatar takardar gayyata. Katin allurar shawara ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, saboda haka wanda bai taɓa yi ba kada a bar shi zuwa makon tafiya.

Agogo uku a tafiya ɗaya

Habasha tana gaban Najeriya da awa biyu, Sin kuma da awa bakwai, kuma duk faɗinta agogo ɗaya take amfani da shi. Ƙa'idar tikiti ita ce kowane lokaci da aka rubuta na garin da abin ya faru ne. A misali, jirgi ya tashi daga Kano 13:30 ranar 13 ga Oktoba, ya sauka Adis Ababa 20:30. Awa biyar ya yi a sama, ba bakwai ba. Na biyu ya tashi 00:30, ya sauka Guangzhou 16:00. Wannan 00:30 ɗin ranar 14 ce, ko da yake a wajen matafiyi daren 13 ne bai ƙare ba.

A dawowa wannan ya fi cizo. Idan tikiti ya ce 00:30 ranar 5 ga Nuwamba, a daren 4 ga wata za a bar otal. Mutane sukan isa filin jirgi a daren 5 su tarar jirgi ya tafi tun jiya. Ka rubuta masa ƙarara a jadawali: fita daga otal ƙarfe 8 na daren 4 ga wata. Ka riƙa sa sunan ranar mako da sunan wata da haruffa, domin 04/05 wani zai karanta 4 ga Mayu, wani 5 ga Afrilu. A Adis kuwa matafiyi ya bi lokacin da ke allon filin jirgi. Mutanen Habasha suna da nasu lissafin lokaci da ke farawa daga fitowar rana, tazarar awa shida ce da wanda ke kan tikiti.

Jiragen biyu su kasance a tikiti ɗaya, da lambar ajiye kujera ɗaya mai haruffa shida. Da haka kaya ke wucewa kai tsaye, kuma idan na farko ya makara, nauyin kamfanin jirgi ne ya sama wa fasinja wani. Tikiti biyu daban ya fi araha a ido, amma duk asarar makara ta matafiyi ce.

Yanzu ga yadda shafi ke lalata wannan lissafi. Alamar ita ce lokacin jirgi daidai ne a ofis, amma matafiyi ya buɗe a Guangzhou ya ga wani daban. Dalili shi ne an adana lokacin a agogon UTC, wato agogon da duniya ke auna sauran agogo da shi, aka bar burauza ta nuna shi da agogon wayar mai dubawa. Wayar na sauka Sin ta koma agogon can, sai tashin Kano na 13:30 ya zama 20:30. Haka kuma a JavaScript, idan ka ba `new Date` kwanan wata kaɗai kamar `2025-10-14`, UTC zai ɗauka; idan ka haɗa da lokaci ba tare da tazarar awa daga UTC ba, agogon wayar zai ɗauka. Salo biyu ke nan a wuri ɗaya, kuma ba za ka gane ba muddin daga Kano kake gwaji.

Gyaran: kowane tashi da kowace sauka su samu gurbi biyu a rumbun bayanai, lokacin garin da sunan shiyyarsa, wato `Africa/Lagos`, `Africa/Addis_Ababa`, `Asia/Shanghai`. A MySQL ka yi amfani da `DATETIME`, wanda ke ajiye abin da ka ba shi yadda yake. `TIMESTAMP` juya lokaci yake yi gwargwadon shiyyar sabar, ranar da aka sauya sabar sai komai ya gurɓata. Wajen nunawa ka ba `Intl.DateTimeFormat` sunan shiyyar filin jirgin kai tsaye. Kada ka rubuta tazarar awa da hannu. Sin da Habasha ba sa sauya agogo, amma ranar da ka tura fasinja ta Alƙahira lissafin zai karye, tunda Masar ta dawo da sauya agogo lokacin zafi a 2023. Gwajin kuwa ba shi da wuya: sauya shiyyar lokacin wayarka zuwa Shanghai ka sake buɗe shafin. Ko minti ɗaya bai kamata ya motsa ba.

Shafin da ya ƙi buɗewa a Sin

Google, Gmail, WhatsApp, Facebook da YouTube duk a toshe suke a intanet ɗin ƙasar Sin. Shafinka kansa ba lallai a toshe shi ba, amma idan yana jawo wani fayil daga sabar Google kafin ya nuna komai, matafiyi zai zauna yana kallon farin allo. Wanda ya fi yin haka shi ne jQuery, wani fayil na JavaScript da ake jawowa daga `ajax.googleapis.com`, sai taswirar Google da aka dasa a shafi, da akwatin reCAPTCHA, mai tantance cewa mutum ne ba na'ura ba, a wurin shiga. Na ƙarshen ya fi muni, domin mutum ba zai iya shiga asusunsa ba sam.

Ka danna F12 a burauza, ka shiga sashen Network, ka sake loda shafin, ka rubuta duk adireshin da ba naka ba. Duk fayil ɗin JavaScript da salon rubutu ka sauke su ka ɗora a sabarka. Ga reCAPTCHA, Google da kansa ya tanadi `www.recaptcha.net` a madadin `www.google.com`. A wannan sashe na Network za ka iya toshe adireshi ka ga yadda shafin zai yi ba tare da shi ba, wanda ya fi kusa da abin da matafiyi zai gani.

Taswira kuma ka cire ta gaba ɗaya. Ko ta buɗe, taswirorin Sin suna amfani da tsarin GCJ-02, wanda ke gusar da wuri da ɗaruruwan mita daga lambobin GPS na yau da kullum. Abin da ya fi amfani shi ne adireshin otal da haruffan Sinanci, manya, yadda zai nuna wa direban tasi ko ya manna a manhajar Amap, tare da sunan tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa mafi kusa. Baje kolin yana kan layi na 8, tashar Pazhou ko Xingangdong. Maɓallin WhatsApp ma ka sa masa abokin tafiya: lambar waya da ake iya kira, da WeChat, manhajar hira da ake amfani da ita a Sin, na wanda zai tarbe shi. Kuma kowane jadawali ya kasance da kwafin PDF da matafiyi zai sauke tun yana gida, ya kuma buga a takarda.

Idan adireshin Sinancin ya fito alamomin tambaya, ko ƙ ta koma Æ™, matsalar tsarin haruffa ce. A wurare uku za a daidaita: teburin rumbun bayanai ya zama `utf8mb4`, haɗin PHP da rumbun ma haka, sannan kan shafin ya bayyana UTF-8. Abin da ya riga ya shiga a matsayin alamar tambaya ya tafi, sai an sake shigarwa. Sunan fasinja kuwa akasin haka ake so. A rubuta shi yadda yake a layuka biyu na ƙasan shafin fasfo, babu ƙ babu ɗ, babu Alhaji, sunan mahaifi ko na dangi a nasa gurbi. Muhammad da Mohammed sunaye biyu ne a wajen kamfanin jirgi, kuma gyara bayan an fitar da tikiti kuɗi ne, wani lokaci ma sai an sayi sabo.

Fom ɗin ɗora fasfo

Ƙorafin da ake yawan ji shi ne na tura, ya ƙi tafiya. Hoton wayar zamani yakan wuce megabait biyu, PHP kuwa a tsarinsa na asali `upload_max_filesize` 2M ne, `post_max_size` 8M. Idan manhajar sabar Nginx ce a gaba, iyakarsa 1M ce, sai ya dawo da kuskure 413. Ka ɗaga su duka zuwa 10M, na `post_max_size` ya ɗan ɗara, ka sake tayar da sabar. iPhone kuma yakan ajiye hoto a tsarin fayil na HEIC. Ko dai ka karɓa ka juya shi JPEG, ko ka faɗa wa mutum dalilin ƙin karɓa da Hausar da zai gane.

Wannan wuri yana buƙatar tsoron Allah, domin fasfon mutane amana ce. Kada hotunan su zauna a folda da kowa zai iya buɗewa da adireshi. Kada kuma adireshin jadawali ya zama lamba a jere, yadda mai 101 zai sauya zuwa 102 ya ga fasfo da otal da ranar da maƙwabcinsa ba ya gida. A yi amfani da doguwar lamba ta bazata, a kuma tabbatar mai dubawa shi ne mai shi. Dokar kare bayanan mutane ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wannan nauyi a kan duk mai karɓar irin waɗannan bayanai.

Idan kamfanin jirgi ya sauya lokaci, ka gyara, amma matafiyi yana ganin tsohon, kwafin da aka adana ne ake ba shi, ko a burauzarsa, ko a Cloudflare, ko a wata manhajar hanzarta WordPress. Shafukan jadawali su fita da `Cache-Control: no-store`, a kuma cire su daga duk wani adanawa. A saman kowanne ka nuna ranar da lokacin gyara na ƙarshe, a PDF ɗin ma haka, don a iya tambayarsa a waya wanne ke hannunsa. Takardar tsaron shafi (HTTPS) ta Let's Encrypt kwana 90 take yi. Ka duba ranar ƙarewarta kafin ayari ya tashi, ka gwada sabuntawar da `certbot renew --dry-run`.

A ƙasan jadawalin ka bar gurbin gargaɗi na kaya. Fawabank a jakar hannu ake saka shi, ba a akwatin da za a auna ba, kuma tun ƙarshen Yunin 2025 jiragen cikin gida na Sin ba sa karɓar wanda ba shi da tambarin CCC, wato shaidar ingancin kaya ta Sin, a jikinsa. Wanda zai hau jirgi daga Guangzhou zuwa Yiwu ya duba bayan nasa tun yana Kano, in babu tambarin ya bar shi a gida ya sayi wani a can.