Yadda zaka gane sakamakon gwajin ciwon hanta nau'in B

Da an miƙo maka takardar kar ka ruɗe, layin HBsAg zaka fara dubawa. In ya nuna akwai, to ƙwayar cutar tana jikinka yanzu haka, amma fa wannan bai nuna ta zauna kenan ba, sai ka sake gwaji bayan wata 6. Manya kusan kashi 95 cikin 100 garkuwar jikinsu ce ke korar ta da kanta, jarirai kuwa akasin haka ne, wajen kashi 90 takan zauna musu, shi yasa ake yiwa jariri allurar rigakafi cikin awa 24 da haihuwa.

Sai anti-HBs, wannan kam labari ne mai daɗi, kana da kariya, in ya kai 10 ko ya wuce. In shi kaɗai ya fito to rigakafi ne ya baka, in kuma tare da anti-HBc ne (alamar cewa ƙwayar ta taɓa shiga jikinka), ka taɓa kamuwa jikinka ya ci galaba.

Abinda mutane da yawa basu sani ba, ba ƙwayar ce ke cin hanta kai tsaye ba, garkuwar jikinka ce ke kashe ƙwayoyin hantar da suka kamu, shi yasa ALT, wani sinadarin hanta da ake aunawa a jini, ke hawa. Don haka likita zai haɗa ALT da yawan ƙwayar a jini kafin ya ce ka fara shan maganin tenofovir ko entecavir, kuma in ka fara kar ka kuskura ka daina da kanka, hantar na iya kumbura sosai.

HBsAg, anti-HBs da anti-HBc, duka ukun babu? Je kayi allurar rigakafi uku, ta farko, bayan wata 1, sai a wata na 6.