Kurakuran da aka fi yi wajen duba gwajin jini bayan aikin ciwon daji na ciki

Babban kuskuren shi ne firgita da zarar an ga CRP, wani sinadari da ake aunawa a jini, ya hau. Hanta ce ke fitar da wannan sinadari duk lokacin da jiki ya ji rauni, kuma aikin tiyata ai rauni ne babba. Dole ya hau, ya kai ƙololuwa tsakanin awa 48 zuwa 72, sannan ya fara sauka. Wanda ya ga adadin ya yi sama a kwana na biyu ya ce ɗinkin hanji ya ɓalle, ya yi riga malam masallaci.

Gyaran shi ne a riƙa jera sakamakon kwana da kwana. Idan a kwana na uku ko na huɗu yana sama da kusan miligiram 150 a kowace lita, ko ya fara sauka sai kuma ya juya ya sake hawa, nan ne likita zai ƙara sa ido, sau da yawa har a ɗauki hoton sikanin ciki. A ganina amfaninsa ya fi yawa idan ya fito ƙasa, domin hakan na nuna da wuya a ce ɗinkin na yoyo. Hawansa kuwa ba ya faɗin inda matsalar take: yana iya zama huhu, mafitsara ko bakin raunin.

Wasu kuma da fararen ƙwayoyin jini kaɗai suke dogara, alhali wahalar aikin ma tana ɗaga su.

Akwai kuma mantawa da abin da ke danne adadin CRP. Allurar dexamethasone da ake yi don hana amai tana rage hawan CRP, aikin da aka yi ta ƴan ƙananan huda da kyamara ma haka, balle wanda aka yanke masa wani sashe na hanta. Sai takarda ta nuna lafiya lau, ga mara lafiya kwance bugun zuciyarsa ya haura 100 a minti ɗaya, ciki ya kumbura ya yi tauri, ya ture kofin shayin da jiya ya shanye. Wannan ba a jiran gwajin gobe, a kira likitan da ya yi aikin.

Faɗuwar albumin, wani furotin da ke cikin jini, shi ma ana yawan ɗora ta kan rashin cin abinci, nan kuwa bayan aiki tsiyayewa yake yi daga jijiyoyin jini saboda kumburi.