Yadda nake jin rediyo a shagon kafinta ba tare da na ƙarasa kunnena ba

Shagona yana Agege, katako kuma daga kasuwar Amu ta Mushin nake sarowa. Shekara 19 ke nan ina wannan sana'a a Legas. Maigidan da ya koya min aiki, Allah ya jiƙansa, kafin ya rasu sai ka matso dab da kunnensa ka ɗaga murya sannan ya ji ka. Mu yaransa mun ɗauka tsufa ne kawai. Ban gane ba sai da nawa kunnen na hagu ya fara wata siririyar ƙara, siii, wadda na fi ji da daddare idan an ɗauke wuta, fanka ta tsaya. A gida kuma 'yata za ta ce "Baba, ga ruwa," sai ta maimaita sau biyu kafin in waiwayo.

Na je asibiti aka gwada min ji. Likita ya ce can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan abu mai kamar katantanwa, a cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi-gashi waɗanda su ke karɓar sauti. Ƙara mai yawa tana kashe su a hankali, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Ba zafi, ba jini, shi ya sa muke wasa da abin. Zarto ya yanke ka, a take za ka nemi tsumma. Kunne kuwa sai bayan shekaru zai nuna maka.

Ana auna ƙara da desibel. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta ce desibel 85 ne iyakar abin da kunne zai ɗauka na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1. Idan aka kai 100, minti 15 ne kacal. Injin fere katako da zarton hannu mai wuta suna kai 100, wani lokaci su wuce, musamman a kan katako mai tauri irin iroko. Ga janareta a bakin ƙofa tana nata. Idan ba ka da abin awo, tsaya nisan hannu ɗaya da yaronka ka yi masa magana. In sai ka ɗaga murya zai ji ka, to wurin ya kai matakin cutarwa.

Ni ba na iya aiki shiru. Tun ina yaro da rediyo nake yini, labaran BBC Hausa da safe, wa'azi ko waƙa da rana. Yaran shago ma haka, sai dai su da iyafis. A nan ne babbar ɓarnar take. Wata rana na zare iyafis daga kunnen wani yarona yana tsaye a kan injin fere, na sa a nawa, sai da na zabura. Ya ƙure sautin har ƙarshe don waƙar ta danne injin. Ya ce, "Oga, ai in ban ƙara ba ba na ji." Wato injin yana dukan kunnen daga waje, waƙa tana dukansa daga ciki. Iyafis na gama-gari ba kariya ba ne, ko da mai tsadar nan ne da ake cewa yana kashe hayaniya. Wannan fasahar ta fi aiki a kan gurnani mai ɗorewa irin na jirgi ko bas, ba ta iya da kukan zarto mai kaifi. Auduga ko takarda da muke cusawa a da ma kusan ba sa rage komai.

Abin da za ka nema shi ne makarin kunne na gaske wanda aka saka masa bulutut a ciki, wato mai ɗauko sauti daga wayarka ba tare da igiya ba. Iri biyu ne: mai rufe kunne gaba ɗaya kamar kofi biyu da maɗauri ta saman kai, irin WorkTunes na kamfanin 3M, da mai shiga cikin kunne da bakin soso, irin na ISOtunes. Kafin ka tambayi kuɗi, juya kwalin ka nemi lambar da ke nuna yawan desibel ɗin da makarin yake ragewa. Kayan Amurka suna rubuta NRR, na Turai SNR. In babu ko ɗaya, ajiye shi, komai kyan sautinsa. Na taɓa sayen wani mai araha a hannun wani mai shago, launin ruwan ɗorawa kamar na ma'aikata, da na ɓalle kofin sai na tarar da ɗan siririn soso da bai kai kaurin farce ba. Araha ba ta ado. Je wurin masu sayar da kayan kariyar ma'aikata, inda ake sayar da hular kwano da takalmin aiki, ba teburin masu caja ba.

Lambar kwali kuma a ɗakin gwaji aka samo ta, ba a shago mai zufa ba. Lissafin da OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, take amfani da shi shi ne ka cire 7 daga NRR, ka raba saura biyu. Nawa 24 ne, saboda haka abin da zan dogara da shi bai kai desibel 9 ba. A gaban injin da ke ba da 100, kunnena yana samun wajen 91, awa 2 ke nan. Don haka ranar da za mu yini muna fere katako, sai in fara sa soson toshe kunne mai lamba 33, sannan in ɗora kofin a kai. Haɗa biyun yana ƙara kamar desibel 5 a kan wanda ya fi ƙarfi.

Sa soson ma sai an koya. Da hannu mai tsabta za ka murza shi tsakanin yatsu har ya zama siriri kamar tsinke, ka zagayo da ɗaya hannun ta saman kai ka ja kunnen sama da baya, ka tura shi ciki, ka riƙe da ɗan yatsa na daƙiƙa 30 har ya kumbura. Za ka ji duniya tana ja baya, muryarka ta koma cikin kanka. In rabinsa yana leƙowa waje, cire ka sake. Shi kuma kofin, dole matashinsa ya manne da fata ko'ina. Bakin hula, ko hannun tabarau mai kauri, ko fensir da muke maƙalewa a bayan kunne, duk suna buɗe kafa. Ni cire hula nake yi, na kuma canja zuwa tabarau mai siririn hannu.

Wayar tana zama a aljihun tebur, a cikin leda saboda garin katako. Bulutut yana kai wajen mita 10, ya ishi shagona. Rashin igiya shi ne babban amfaninsa, domin igiyar iyafis da ke reto a ƙirji kusa da abin da ke juyawa ba abin wasa ba ce. Ina saita sautin tun kafin a ta da inji, a daidai inda nake ji cikin natsuwa, kuma ba na ƙara shi bayan an tayar. In inji ya danne maganar, ya danne, zan ji ragowar anjima. Wasu na'urorin, kamar na ISOtunes, an ƙayyade su kada su wuce desibel 85, irinsu na fi so in saya wa yara. Na kuma sa ƙararrawar waya a lokacin azahar da la'asar, don da kofi a kunne kiran salla yana wuce ni.

Akwai aikin da nake kashe sautin gaba ɗaya: duk lokacin da nake tura katako da hannu cikin zarton tebur. Kafinta da kunne yake gane inji. Idan katako ya fara matse zarto, kukansa yana sauka kafin ya harbo katakon baya, kuma ana jin wannan sauyin ta cikin makari in babu waƙa. Guga, fenti, haɗa kujeru, shara, a nan nake jin abina. Na kuma hana kowa taɓa mutum ta baya yana kan inji. Ka zagayo ta gabansa ka ɗaga hannu, ka jira ya kashe.

Zafin Legas ne babban abokin gaba. Kafin sha biyu kunne ya jiƙe sharkaf, rai ya so a ɗaga kofin a sha iska. Kada ka ɗaga inji yana aiki. Minti 5 kawai a cikin awa ba tare da makari ba, kariyar ba za ta wuce desibel 11 ba komai ƙarfinsa. Kashe injin, fita waje, share zufa, sannan ka dawo. Da yamma ina goge matashin da tsumma mai ɗan ruwan sabulu, in rataye shi ya bushe, in jona caji idan akwai wuta. Matashin yana taurare ya tsage, don haka wata 6 nake canja shi. Soso kuma da ya yi dauɗa ko ya daina kumbura sai shara.

Kowane yaro yana da nasa, da sunansa a jiki, rataye a ƙusar da na kafa a saman makunnin injin fere, yadda hannu ba zai kai ga makunni ba sai ya ture shi. Sau ɗaya a shekara nake komawa a gwada min ji, ana yi a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja ko na LUTH a Idi-Araba. A bana, tare da manyan yarana biyu zan je.