Yadda za ku shirya gasar gajeren labari a ƙungiyarku ta makaranta ba tare da an ƙare da rigima ba

'Yan'uwa masu ƙungiyoyin marubuta a jami'ar tarayya ta Gusau, da ta jiha a Talata Mafara, har da 'yan poli na Ƙaura Namoda, wannan naku ne. Shirya gasa ba wani wuya gare shi ba, wuyar ita ce a gama kowa ya yarda an yi adalci, don sau da yawa ranar da aka faɗi sakamako a ranar rabin mutane ke ficewa daga guruf, wai shugaba ya ba ɗan ajinsu.

Kafin komai kyauta ta shigo hannu tukuna. Dan Allah kar ku fitar da sanarwa saboda wani honarabul ya ce ku je ku yi zai ɗau nauyi, in lokaci ya yi wayarsa ba za ta shiga ba kuma ku za a riƙa bi bashi. Ko littattafai ne da ɗan kuɗin data da satifiket, in dai suna hannun ma'aji sun fi alkawarin miliyan. Sai ku sanar da ofishin harkokin ɗalibai, ku samu malami ɗaya ya tsaya muku a matsayin uba. Rana kuma a kauce wa lokacin jarabawa, in ta dace da 26 ga Agusta, Ranar Hausa ta Duniya, ya yi kyau, in kuwa ana hutu a bar ta kawai.

Sai ƙa'idoji, kuma a rubuce, a shafi ɗaya. Wa zai shiga, da wane harshe, kalmomi nawa, yaushe za a rufe, har da ƙarfe nawa. Ni dai a ganina kalmomi 1000 zuwa 1500 sun isa. Ku leƙa yadda BBC Hausa ke fitar da sharuɗɗan Hikayata, gasar mata da suka faro a 2016, za ku ga komai a fili yake tun kafin mutum ya ɗau biro. Kuma duk wanda ke cikin kwamitin shiryawa ba zai shiga ba, ko da shi ya fi kowa iya rubutu.

Akwai maganar karin harshe, wadda mu nan Zamfara dole mu yanke ta tun farko. Yaro zai rubuta wanga da wagga da kassuwa da hwaɗi, alƙalin da ya saba da daidaitacciyar Hausa ya bi da jan biro yana rage maki, alhali haka tsohuwar da ke cikin labarin ke magana a gidansu. Shawarata, bakin mai ba da labari ya bi daidaitacciya, amma taurari a bar su su yi maganarsu ta gida, kuma a rubuta haka cikin ƙa'idoji alƙalai su gani. Abin da ba a ɗaga ƙafa a kai shi ne haɗe kalmomi barkatai da watsar da ƙ, ɗ da ɓ, wannan ba Zamfarci ba ne, ganganci ne.

To ga inda adalcin yake, ɓoye suna. Mutum ɗaya ne zai riƙa karɓar labarai ta imel, ba ɗan takara ba ne ba alƙali ba, shi zai cire sunan marubuci ya saka lamba, ya aje jerin sunaye da lambobin a wurinsa shi kaɗai, kuma ya duba sunan fayil ɗin ma don wasu can suke rubuta sunansu, wani ma har da lambar waya a ƙasan labari. Alƙalai uku, aƙalla ɗaya daga wajen makarantar, misali wani daga reshen ƙungiyar marubuta ta ANA. A ba su takardar maki iri ɗaya, jigo, zubi da tsari, salo, taurari, ƙa'idojin rubutu, kowa ya ba da nasa shi kaɗai ya miƙa kafin su zauna tare, in ba haka ba da farfesa ya yi magana sauran sai dai su ce haka ne ranka ya daɗe.

Satar fasaha kuma tana nan, wani daga Wattpad, manhajar da ake ɗora labarai, zai kwaso, wani na'ura zai sa ta rubuta masa. Ku ɗauki jimla biyu ku saka a Google, sannan goman da suka fito a kira su hira ta minti biyar, a tambayi mutum me ya sa tauraruwarsa ta koma gidan miji a ƙarshe. Wanda ba shi ya rubuta ba nan take zai fara kame-kame.

Ranar biki kar jawabin manyan baƙi ya cinye lokaci, a bar ukun farko su karanta labaransu da bakinsu. Kuma kar labaran su mutu a cikin laftof. Gasar rubutun labarai da Baturen nan Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ana maganarta har yau ne saboda an buga littattafan. Ku ma ku haɗa goman farko a PDF ɗaya ku raba, amma izinin yin haka ya kasance cikin ƙa'idoji tun farko, haƙƙin mallaka kuma ya zauna a hannun marubuci. Waɗanda ba su ci ba, a roƙi alƙalai su rubuta wa kowa layi biyu ko uku na inda zai gyara, mai riƙe da jerin lambobi ya tura masa ta imel ɗinsa, ba a cikin guruf ba.