Yadda ake saida mota hannu da hannu a Maradi, a kuma cire sunanka daga kanta

Wanda bai taɓa saida mota ba yana zaton an gama da zarar ya ce "na sallama", ya ƙirga kuɗinsa, ya miƙa makulli. A wajen ƴan kasuwa haka ne. A wajen hukuma kuwa, muddin sunanka ne a kan katgiriz, wato takardar mallakar mota, motar taka ce, ko da ta yi shekara biyar tana jigilar buhuna tsakanin Dakoro da Mayahi a hannun wanda ba ka taɓa gani ba. Ran da ta buge mutum direba ya gudu, ko aka kama ta da kayan da bai kamata ba a hanyar Ɗan Issa, lambarta za a duba, lambar kuma ƙofar gidanka za ta kawo jandarma. Na ga mutane da dama sun faɗa wannan rami, kuma kusan dukansu a wuri ɗaya suka zame. Wankin mota da tsaida farashi ba sai na koya wa Bamarade ba, don haka takardu kawai zan bi.

Da farko, tara takardu kafin ka ce wa kowa motar ta saidawa ce

Ka fito da katgiriz na asali, takardun duwan da aka biya wa motar ran da ta shigo ƙasa, asiransi, binyet ta bana (harajin mota na shekara), takardar bizit (ta duba lafiyar mota), da katin ɗan ƙasa naka wanda bai mutu ba. Katin nan mutane ke mantawa. Sai an je buga hatimi ake gane wa'adinsa ya wuce, a bar mai saye a tsaye da kuɗi a aljihu, zuciyarsa ta fara sanyi.

Daga nan ka ɗauki katgiriz ka tsaya a gaban motar, ka gwada lambar shasi da ke kan takarda da wadda ke jikin ƙarfe. Mafi yawan motocin da ke zo mana daga Turai da Amurka lambarsu haruffa da alƙaluma 17 ce, kuma babu I, babu O, babu Q a cikinta, saboda kada a rikita su da 1 da 0. In ka ga O a takarda, mai rubutu ne ya yi kuskure, kuma gara ka gyara shi tun motar na hannunka. Ka karanta ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ba kallon sama sama ba. In bakanike ya taɓa canza maka inji, ka nemo rasit ɗin injin ka haɗa. In da bashin banki ka sayi motar, ka fara biya ka karɓi takardar da ke nuna sun sake ta, domin motar da ke jingine ba taka ba ce kai kaɗai.

Na biyu, sunan wa ke kan katgiriz?

A garin nan mota takan wuce hannu uku ko huɗu da katgiriz ɗin wanda ya fara yi mata lamba. Ka tarar da ita da sunan wani ma'aikaci na Yamai wanda ya saida wa wani ɗan Konni, shi ya saida wa wani a Tibiri, kai kuma ka saya a wurinsa da ƴar takarda ta hannu. Kowa ya ce "ai ana yi haka". Ana yi, amma yanzu da za ka saida, kai ne za ka sa hannu a kan abin da a rubuce ba naka ba ne.

Hanya biyu ce. Ko dai ka fara maida katgiriz sunanka sannan ka saida, ko kuma ka haɗa takardun ciniki na kowane hannu, daga mai sunan har zuwa kanka, kowace da hatiminta, babu wadda ta ɓace a tsakani. Ni ta farko nake bi, kuma ita nake sa kowa. Tana cin kuɗi da ƴan kwanaki, amma mota mai suna ɗaya da mai ita ta fi daraja a ciniki, abin da ka kashe yana dawowa. Ta biyun kuwa in zobe ɗaya ya tsinke, sai ka shiga neman mutumin da ƙila ya yi ƙaura, ƙila ya rasu.

In ya rasu ɗin, magana ta koma ta gado. Babban ɗa ba ya saida motar mahaifinsa don shi ne babba. Ana buƙatar takardar gado daga kotu da yardar sauran magada a rubuce. Haka in mai motar yana Makka ko Legas ya ce ka saida masa, muryarsa a WhatsApp ba wakilci ba ce, sai ya aiko takardar wakilci mai hatimi.

Wanda har yanzu motarsa na ɗauke da tsohuwar lamba, irin mai farawa da 4 ta jahar Maradi ko 8 ta Yamai, shi ma ya san akwai sabunta lamba a gabansa. A yi maganar wanda zai biya tun wajen ciniki.

Na uku, dillali

Ba na hana dillali, shi ya san mai kuɗi a hannu. Amma a yanke la'adarsa tun farko a gaban mutum, kuma fotokopi kawai ake ba shi. Katgiriz na asali ba ya kwana a aljihun dillali, motar ma haka. Kuma ko zai yi rantsuwa, kada ka sa hannu a takardar ciniki wadda aka bar gurbin sunan mai saye babu kowa. Za a ce maka, "Alhaji, sa hannu kawai, in an samu mai saye sai mu cika." Wannan takarda ita ce ke yawo daga hannu zuwa hannu wata da watanni, motar na aiki da sunanka, kai kuma ba ka san wa ke tuƙa ta ba.

Na huɗu, takardar ciniki

A rubuta ta da Faransanci, tunda ofis za ta. Abin da dole ya shiga: cikakken sunanka da na mai saye kamar yadda suke a katin ɗan ƙasa, lambobin katunan, unguwa da lambar waya, irin motar, lambarta, lambar shasi, farashi, kwanan wata, da ƙarfe nawa aka miƙa makulli. Lokacin nan kada a raina shi. In motar ta yi haɗari da la'asar ranar da ka saida ta da hantsi, layin nan ɗaya ne zai raba ka da maganar.

Farashi a rubuta shi da alƙaluma da kuma kalmomi, da faran na sefa. Mu da baki muna lissafi da dala da jikka, wani lokaci ma da naira, amma takarda ba ta san wannan ba. In an daidaita a miliyan biyu da jikka ɗari biyar, a rubuta 2.500.000 F. Kuma a rubuta farashin gaskiya. In daga baya ciniki ya warware, abin da ke rubuce shi alƙali zai duba.

Aibin motar ma ka faɗa, ka sa a rubuta: akwatin giya na ƙara, ta taɓa faɗuwa, injin ba nata na asali ba ne. Addini ya hana ɓoye aibi, kuma wanda aka gaya wa ya sa hannu ba shi da bakin dawo maka da ita bayan sati biyu.

Shaidu biyu, ɗaya naka ɗaya nasa, masu katin ɗan ƙasa. Sannan ku tafi tare, kai da mai saye, meri ko komisariya, da tambur ɗinku, a buga hatimin da ke tabbatar da sa hannunku. Kwafi biyu na asali, kowa da nasa. Kuɗin tambur ba shi da yawa, amma a kansa ne za ka ji mutum yana cewa, "Haba yaya, tsakaninmu har sai an je komisariya?" Amsar ita ce, "Ƙanena, ba don kai ba ne, don ƴaƴanmu ne." Wanda ya ƙi zuwa bayan wannan, kada ka saida masa. In motar babba ce, irin tirela ko bas, ni wajen notar, mai rubuta yarjejeniya a hukumance, nake kai mutane, tsadarsa ta fi amma kwafi na zama a wajensa.

Na biyar, kuɗi

Ku haɗu a banki ko a wajen masu aika kuɗi irin Nita, Al Izza ko Amana, a ƙirga a gaban ma'aikaci, a zuba, ka karɓi rasit. Miliyan biyu da rabi takardar jikka goma guda 250 ce, ba abin ƙirgawa a zaure da magariba ba ne. Hoton rasit a waya ba kuɗi ba ne sai ka ga sun shiga. Kafin alƙalami a rubuta shi, da ranar cikawa, da abin da zai faru in ba a cika ba. Saida mota bashi kuwa ba na so, amma in ya zama dole, katgiriz na nan hannunka har a biya, kuma a rubuta bashin da shaidu kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni.

Na shida, canza suna, inda ake zamewa

Duk abin da na faɗa a sama mutane da yawa suna yi. Abin da ba sa yi shi ne wannan. An biya, an buga hatimi, an yi addu'a, mai saye ya ce, "In sha Allahu sati mai zuwa zan je in yi mitasiyo." Sati mai zuwan nan ba ya zuwa. Ba mugunta ba ce. Mutumin ya zuba duk abin da yake da shi a motar, ga taya, ga batir, ga mai, kuma a shingen hanya in ya nuna katgiriz da takardar ciniki sau da yawa yakan wuce. To me zai kai shi ofis ya biya kuɗi? Shi ba abin da ke cizonsa. Kai ne sunanka ke waje.

Don haka kada ka bar masa wannan aiki a matsayin alkawari. Tun wajen ciniki a sa kuɗin canza suna a cikin magana. A al'ada mai saye ke biya, amma ni ina ba masu saidawa shawara su sauke wani abu daga farashi da sharaɗin a tafi ofis tare. Ka rasa jikka ashirin ko talatin ka sayi barcinka. Kafin ranar, ka leƙa ofishin sufuri na jaha da kanka, ko wurin da ake harkar lambar mota, ka tambayi jerin takardun da suke karɓa yanzu da kuɗin da ake biya, ka rubuta. Kada ka dogara da lissafin wanda ya yi nasa shekara uku da suka wuce, ko na masu tsayawa bakin ƙofa suna cewa za su shigar maka. Cikinsu akwai na kirki, amma ko ka ba su aikin, rasit na hukuma za ka nema, ba "an gama, Alhaji" ba.

Ranar kuma a yi ta da safe, ranar aiki, ba Juma'a ba. Tsarin da nake bi shi ne banki, hatimi, ofishin sufuri, duka a yini ɗaya, da motar a tare ko za a so duba shasi. Katgiriz na asali daga hannunka zai wuce teburin ma'aikaci, ba aljihun mai saye ba. In an karɓi takardu an ba da rasit ɗin ajiya, ka yi fotokopinsa, ka ɗauki hotonsa a waya, sannan ka miƙa makulli. Sabon katgiriz zai iya ɗaukar lokaci kafin ya fito, wannan ba damuwarka ba ce, rasit ɗin ya nuna ranar da ka fita.

In mai saye daga nesa ya zo, ya ce a Damagaram ko Tawa zai yi, to ku rubuta wa'adi a cikin takardar ciniki, ka riƙe makulli na biyu, ka kuma riƙa kira har ya turo hoton sabon katgiriz. Kunya ce ke hana mutane wannan kira, musamman in suruki ne ko abokin masallaci. Ka kira. Kuma a sani, ɗan'uwa ya fi baƙo jinkiri, don ya san ba za ka kai shi ƙara ba.

Mai saye daga Jibiya ko Katsina lamarinsa daban. Motar za ta bar ƙasa da lambar Nijar da sunanka, can kuma ba mai canza maka katgiriz na nan. Kafin ka karɓi kuɗinsa ka je duwan da ofishin sufuri ka ji yadda ake fitar da ita bisa ƙa'ida. In ya ce shi ya san hanyar daji, ka nemi wani mai sayen. Haka motar da ke da lambar Najeriya tana yawo a nan da lesefase, takardar izinin shigowa ta ɗan lokaci: ba a biya mata duwan ba, kuma wanda ka saida wa ya kamata ya san haka a rubuce.

Sauran ƙananan abubuwa

Asiransi ba ya bin mota yadda ake zato. A dokar CIMA, ƙungiyar ƙasashen Afirka kan harkar asiransi wadda Nijar ke ciki, in an saida mota asiransinta na tsayawa da kansa daga kwana na 5 bayan ciniki, ƙarfe 12 na dare. Ka sanar da kamfaninka a rubuce da ranar da ka saida, ka kuma gaya wa mai saye ya yanki nasa, kada ya ga wata shida a jikin takarda ya saki jiki. Binyet da bizit ka miƙa masa su yadda suke. In akwai tara da ba ka biya ba, biya. Ka kwashe takardunka daga aljihun gaba, ka cire duk wata alamar wurin aiki ko ta ƙungiya da ke manne a gilashi.

Takardar ciniki, fotokopin katin mai saye, na tsohon katgiriz, rasit na banki da na ofishin sufuri, a sa su a leda ɗaya a ajiye inda ake ajiye takardar fili, kuma uwargida ko babban ɗa su san wurin.