Yadda nake rage ɓata lokaci wajen zuba bidiyon biki a faifan DVD mai menu

Yawancin masu kuka da cewa zuba bidiyo a faifan DVD yana cinye musu yini ba su gano inda lokacin yake tafiya ba. Buga faifan kansa bai taka kara ya karya ba: faifai mai cin 4.7GB, a gudun 8x, da ƙyar ya kai minti goma. Abin da ke kwashe awoyi shi ne juya bidiyon. Waya da kyamarorin yanzu suna ɗauka ne a tsarin H.264 ko HEVC, faifan DVD mai menu kuwa da MPEG-2 ake gina shi, a girman 720x576 na tsarin PAL. Dole kwamfuta ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya ta sake gina su.

Sana'ata ɗaukar biki da suna da walimar sauka, kuma har gobe akwai iyayen da hankalinsu ba ya kwanciya sai sun riƙe faifai a hannu, ko da ka tura musu komai ta waya. Ga yadda nake bi da aikin.

Kafin komai, kwashe fayilolin daga katin kyamara ko filas ka sauke su cikin kwamfutar. Sannan ka jona ta da wuta, domin laftof in tana kan batir rage ƙarfinta take yi don ta yi tattali. Ka yanke duk abin da ba za a kalla ba tun kafin juyawa. Minti ashirin na kujeru kafin baƙi su iso, kwamfuta za ta juya shi da irin wahalar da za ta juya ɗaurin auren kansa. In kuma tun farko ka san faifai za a yi, kada ka ɗauka a 4K. Duk kyan nan zubar da shi za a yi, sai dai ka biya da lokacinka.

Babban abin shi ne ka juya sau ɗaya tak. Ni da ffmpeg nake yi, manhajar juya bidiyo, in ba shi umarnin -target pal-dvd, in jera masa fayilolin da daddare in kwanta. Yadda yake a saite, faifai ɗaya yana ɗaukar kamar awa ɗaya da rabi. In bikin ya kai awa biyu, sai ka sauko da nauyin hoton (bitrate) zuwa wajen 4500k domin ya shiga. Da safe sai in buɗe DVDStyler, manhajar haɗa faifai da menu wadda kyauta ce, in jawo fayilolin da aka riga aka juya. A cikin bayanan kowane fayil akwai wurin da za ka danna cewa kada ta sake juya shi. Kada ka manta da wannan wurin. Amfaninsa yana fitowa ne ranar da uwar amarya ta ce an rubuta sunan 'yarta ba daidai ba a menu: gyaran harafi ɗaya ne, kuma cikin 'yan mintoci ka sake haɗa faifan, ba sai ka koma farkon aiki ba.

Shi menu ɗin, ka yi shi da hoto tsayayye. Hoton ango da amarya ɗaya mai kyau, sai maɓallai huɗu ko biyar: kamu, ɗaurin aure, walima, kai amarya. Menu mai motsi, wanda kowane maɓalli ke nuna ɗan bidiyo, shi ma sai an juya shi, kuma a ganina ba wanda ke tsayawa kallonsa. Mutane so suke su danna su ga kansu. Haka juyawa mai zagaye biyu, wato kwamfuta ta bi bidiyon sau biyu, wadda manhajoji da yawa ke da ita, kusan ninka lokaci take yi. Ba na amfani da ita sai in zan cusa fiye da awa biyu a faifai ɗaya.

Kada ka bari manhajar ta buga kai tsaye a faifai. Ka sa ta fitar da fayil ɗin ISO tukuna, wato kwafin faifan gaba ɗaya a fayil guda, ka buɗe shi da VLC ka gwada kowane maɓalli. In an ɗauke wuta ana tsakiyar bugawa, faifan naira kaɗan kawai ka rasa, aikin yana nan. Daga ISO ɗin nan kuma za ka buga kwafi goma ko ashirin da ImgBurn, manhajar buga faifai, dangin ango nasu, dangin amarya nasu.

Wurin da ba na yarda a yi gaggawa shi ne gudun bugawa. Ko an rubuta 16x a jikin faifan, a 8x nake tsayawa. Bambancin bai wuce 'yan mintoci ba, kuma faifai mai araha da aka buga da gudu shi ne yake sarƙewa a tsohuwar na'urar DVD ta falo. Kwafin farko ina barin ImgBurn ta tantance shi, in kuma saka shi a na'ura in bi ta kan kowane sashe da rimot, sannan in buga sauran.